Murhun Inna

Ba na manta wata safiyar Laraba cikin bazarar 1986. Na dawo daga neman itace da ɗan abin da na samo, ƙaya ce kawai da karan tumatir da bai gama bushewa ba, na tarar da mahaifiyata, Inna, durƙushe a madafi tana hura wuta. Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin har ba na ganin fuskarta sosai. Sai tari ya sarƙe ta, ta yi ta yi har ta dafa bango, idanunta jawur suna zubar da ruwa. Da ta samu kanta ta dube ni ta ce, "Ke Talatu, tsayuwar me kike yi? Miƙo min mafici." Ranar na fara jin tsoron kada wata rana Inna ta shiga madafin nan ta kasa fitowa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin babbar hanyar ruwa. Manya sun ce kafin a kawo ruwan, ɗorawa da kanya da tsamiya ne ko'ina, amma da katafila ta zo baje filaye sai ta tuge su. Mun samu alkama da tumatir da rani, shinkafa da damina, mu yara kuma mun samu wurin wanka, wanda ko an zane mu gobe ma muna can. Mu kori tsuntsaye a gona da gwangwani, mu yanka tumatir mu shanya, in an tashi daga makaranta mu baje a gindin katanga muna carafke har a aiko kiranmu. Arziki dai ya shigo, amma itace ya yi wuya. Risho kuwa sai gidan hedimasta, shi ma ba kullum ake samun kalanzir ba. Abin da muka tsinto shi iyayenmu ke hurawa, su shaƙi hayaƙinsa.

Da tari ya yawaita a gidaje, mai unguwa ya tara magidanta a ƙofar gidansa bayan la'asar. A nan Kawu Sale mai tuƙa motar tumatir, ƙanen Baba, ya ba da labarin wani murhun laka da ya gani a wajen kai kaya, rufaffe, mai bututun da ke fitar da hayaƙi waje. Aka tsayar da magana: kowane gida zai gina irinsa, za a riƙa haɗa itace da ɓuntun shinkafar da ake ƙonawa a banza a bayan injin casa, kuma ba wanda zai sake saran ɗanyen itace. Mu 'yan makaranta aka ba kowa dashen darbejiya, muna ba su ruwa muna gasar na wa ya fi tsawo.

Shawara ta yi kyau, sai dai duk taron nan babu wanda ya taɓa riƙe muciya, kuma babu wanda ya tambayi matarsa. Saboda tarin Inna aka fara da gidanmu. Baba da Kawu Sale suka kwashe duwatsun murhunta uku suka jefar a bayan rumbu, duwatsun da mahaifiyarta ta kafa mata da hannunta ranar da aka kawo ta gidan. Suka gina nasu sumul, suka auna bakinsa da tukunyar da Kawu ke dafa shayi a hanya. Da ya bushe Inna ta ɗora tukunyar tuwo, tukunya ta zauna a karkace. Tana danna muciya sai gefen murhu ya rufta, tuwo ya kife a ƙasa. Ta dubi Baba ta ce, "Malam, ai tuwo ba shayi ba ne." Mun yi dariya har da hawaye, muka kwana da gari da ƙuli. Kafin gari ya waye labari ya zaga, sauran gidaje suka ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Dariyar ba ta daɗe ba. Damina ta faɗi, itace ya jiƙe, Inna ta koma hura wuta a buɗe, tarin ya kwantar da ita. A asibitin Kura aka ce in ba ta rabu da hayaƙi ba ƙirjinta ba zai ɗauka ba. Ina jin ta tana numfashi da ƙyar, ni kuwa abinci ma ya daina shiga.

Matan unguwa da suka zo dubiya, a ɗakinta suka yi nasu taron. Gwaggo Hansai, yayar Baba, ta ce, "Maganar mazan nan gaskiya ce, hannunsu ne bai iya ba. Talatu, je ki ɗauko duwatsun uwarki." Aka kafa su inda suke tun asali, aka gina lakar a jikinsu yadda su ne za su ɗauki tukunya. Mu yara muka tattake laka da ɓuntu da kashin jaki, muna zamewa muna shewa. Bututun kuma Baba ne ya harhaɗa shi da gwangwanaye, yana yi yana sunkuyar da kai saboda tsiyar da Gwaggo ke masa. Daga gidanmu aka wuce na gaba kamar gayya, kowace mace da tukunyarta ake auna mata.

Tarin Inna bai tafi gaba ɗaya ba, amma ya lafa. Ta koma kirana daga madafi ta yi min faɗa mai tsawo ba tare da numfashinta ya yanke ba, ban taɓa jin daɗin faɗa irin na lokacin ba. Ta rayu har ta goyi 'ya'yana.

Yau a Kano nake, ina murɗa gas wuta ta kama, babu hayaƙi babu hawaye, kuma na gode Allah. A ƙauyen ma wasu sun sa sola, kowa ya sayi nasa ya rufe ƙofarsa. Amma ni kaɗai nake tsayawa a kicin ɗina, ban san ko maƙwabciyata tana tari ba. Inna kuwa, unguwa guda ce ta ji nata.