Yoyon Ɗakin Kaka Dije

Duk wanda Kaka Dije ta taɓa shiga gidansa a garin nan na Dakoro ya san ba da shi take fara gaisawa ba. Za ta yi sallama, ta ɗaga kai ta ƙare wa rufin ɗaki kallo, sannan ta sauko da ido ta tambayi lafiyar mutane. Na taɓa kai ta gaisuwar mutuwa garin Ɗan Gulbi a kan moto. Ina tsaye bakin ƙofa, ɗaki cike da mata ana ta kuka, ta zauna ta yi addu'a yadda ya kamata, ta shafa, sannan ta karkata wajen matar mamacin ta ce, "Allah shi ba ki haƙuri. Azarar can ta tsakiya gara ta cinye ta." Matar ta daina kuka ta ɗaga kai. Sauran matan ma suka ɗaga.

Ni jikanta ne, ɗan 'yarta, kuma ni kaɗai cikin zuriyarta na zauna Dakoro, don haka yawancin abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi. "Maigidana" take ce mini, irin tsokanar kaka da jika, sai dai kullum takan ƙara da "rago".

Bayan rasuwar kakanmu, babban ɗanta Kawu Isufu, wanda ke aikin gwamnati a Maradi, ya zo ya ce ta haɗa kaya ta koma wurinsa. Ya ce tsohon ɗakin ƙasa ne, wata rana zai rufto mata. Ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, daga cikinsa kuma za a fitar da ita. Ya ce to a bari ya sa mata rufin tol, wato na kwano.

"In sa tol in kwana cikin tukunya?" in ji ta. "Bazara ka dahu, damana ka kurumce."

Da gardama ta yi tsawo sai suka yi yarjejeniya a gaban dangi. Ranar da ɗakin ya yi yoyo, ranar za ta shiga mota zuwa Maradi. Ita ta faɗa da bakinta, kuma kun san Kaka Dije ba ta mayar da magana ciki. Tun daga ranar, rufin nan ya zama shi ne zamanta a Dakoro.

Kowace shekara, da hadari ya fara leƙowa daga gabas, za ta kwaɓa laka da kashin shanu, ta ɗaure zane tamau, ta hau tsani da ƙwarya a ka. Magini bai taɓa taka rufin ba. Ni kaina aikina riƙe tsani ne daga ƙasa. Wani maƙwabci ya taɓa aiko mata cewa bai dace mace ta hau soro tana hango gidajen mutane ba. Ta ce a gaya masa ta riga ta hango, kuma indararonsa ya karye.

Wata damina Kawu Isufu ya zo ba sanarwa, ana tsakiyar ruwa. Muka shiga ɗakin tare. Ga Kaka zaune bakin gado tana jan carbi, ga roba a tsakar ɗaki, ruwa na ɗiga cikinta daga sama, ɗis, ɗis. Kawu ya dubi robar, ya dubi rufin, ya gyara tsayuwa irin ta wanda ya ci shari'a.

"Inna, mi nike gani haka?"

"Ruwan shayi nike tarawa," ta ce. "Na rijiya gishiri gare shi."

"Cikin ɗaki?"

"Waje awaki na sa baki."

"Inna, wanga hwa yoyo ne."

"Mushe Isuhu," ta ce, wato "Malam" da Faransanci, haka take kiransa in za ta yi masa karatu, "yoyo shi ne wanda ya zo ba ka kira shi ba. Wanga ni na huda da kaina."

Ta sa aka dafa shayi da ruwan, ja wur da shi saboda laka, ta miƙa masa. Ya shanye. Motarsa ba ta kai bakin gari ba ta hau ta toshe wurin, kuma ba ta sake sha'awar shayin sama ba.

Kuna tuna shekarar da aka yi ƙanƙara da la'asar, wadda ta kashe kajin mutane? Ƙanƙarar ta taru a bakin indararonta ta toshe shi, ruwa ya rasa hanya ya kwanta a kan rufi. Rufin ƙasa kuwa in ruwa ya kwana a kansa, an gama. Kowa na ɓoye a ɗaki, sai ga Kaka a sama, tukunya kife a ka, muciya a hannu ɗaya, butar ruwan zafi a ɗaya. Ta zuba, ta zungura, indararo ya buɗe, ruwan ya sauko gaba ɗaya a kaina, ni mai riƙe tsani. Ta leƙo ta ce, "Ka gani? Shina aiki."

To, autanta Kawu Laminu yana Kanada, can inda sanyi ke daskarar da komai. Wata rana ya kira ta wayata, muna ganin juna, ya fita waje ya nuna mana gidansa. Ƙanƙara ta yi dandamali a bakin rufin, ta hana ruwa sauka, ruwan ya koma baya yana zubo masa cikin ɗaki. Ya yi mana bayani cewa ɗumin cikin gida ne ke narkar da ta sama, in ta gangaro bakin rufi inda ba ɗumi sai ta sake daskarewa. Kaka ta karɓi wayar ta kai ta dab da hancinta.

"To ku bar hura wuta mana."

"Inna, sai mu mutu."

"Ina indararonka?"

Ya nuna mata wani dogon abu da ya bi gefen rufin.

"Wanga ba indararo ba ne, kwamin shan kaji ne. Kana da muciya?"

Ya ce babu muciya, amma ya kira masu gyara, suna nan zuwa. Na ga idon Kaka ya yi wani haske.

"Laminu, gaya mini gaskiya. Cikin ɗaki ruwan ka zuba?"

"Cikin ɗaki, Inna."

"Kai ka huda?"

"A'a."

Ta miƙo mini wayar ta ce in kira mata Maradi. Da Kawu Isufu ya ɗauka, ko gaisuwa ba ta bari ya gama ba. "Ɗakin ƙanenka na yoyo," ta ce. "Tahi ka ɗauko shi."

Daminar ƙarshe gwiwa ta ƙi. Ta je gindin tsani ta ɗora ƙafa a matakin farko, ta daɗe a haka, sannan ta sauke. Na ce bari in hau, ta ce ban iya ba. Na ce a kira magini, ta ce ba ta mutu ba tukuna. Ruwan farko ya zo da ƙarfi, rufin ya tsage ta wajen gadonta, katifa ta jiƙe sharkaf. Da na shigo da safe na tarar ta ƙulle tufafinta a zane, ta jera kwanukanta, ta zauna a kan tabarma da mayafinta na fita.

"Maigidana, kira kawunka," ta ce. "Ka ce mishi ɗaki ya yi yoyo."

Ban taɓa jin muryarta ta yi ƙasa haka ba. Ko "rago" ba ta ƙara ba, kuma wallahi na so ta ƙara.

Kawu Isufu ya iso bayan azahar, cikin farar shadda. Ya shiga ya ga ƙullin kaya, ya ga katifar, ya ga tsagar da har rana ke leƙowa ta ciki. Uwar ba ta dube shi ba. Ya tsaya jim, ya fito tsakar gida, ya tuɓe babbar riga ya rataye a igiyar shanya, ya naɗe ƙafar wando. Ya ce in nuna masa inda take kwaɓa laka.

Mutumin da ya yi furfura a biro, wato ofis, da tumbinsa, shi ne ya hau tsanin nan yana nishi. Kaka ta ji motsi a sama, ta sa na fito da ita na zaunar a gindin bango. Can ta kasa daurewa.

"Lakar ta yi ruwa."

"To, Inna."

"Danna da dunduniya. Ba sa hannu a takarda ba ne."

"To, Inna."

Sai da rana ta yi sanyi ya sauko, laka har gira. Ya durƙusa gabanta yana haki, ya ce, "Inna, na duba ko'ina. Ni ban ga yoyo ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta kai bakin mayafi ta goge masa goshi, kamar yaron da ya dawo daga wasa. Sannan ta ce, "Yaɓen bai yi kyau ba." Ta juyo wajena ta ce in kwance mata kayanta.

Bayan an gama girbi ta rasu, a kan gadonta, a cikin ɗakinta, kuma daga cikinsa muka fito da ita. Kawu Isufu ne ya kama ta wajen kai.

Allah ya jiƙan Kaka Dije, ya yafe mata kurakuranta, ya sanyaya makwancinta. Yadda ɗanta ya rufa mata asiri a nan, Allah ya rufa mata a can.