Gasasshen Kifin Maman Ogechi

Maƙwabciyata Nkechi, wadda duk layinmu a Sabon Gari ke kira Maman Ogechi, ba ta san zama wuri ɗaya ba. Ko hira muke, ƙafarta rawa take. A Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu, kuma tun tana budurwa take suyar kifi. In ta ɗora kasko, har bangon gidana sai ya yi ƙyalli.

Sai ga mijinta Cyprian, mai sayar da tayoyi, ya dawo daga asibiti fuska a murtuke. Likita ya ce jininsa ya hau, teɓa ta yi yawa, in bai bar maiƙo ba, zai kwanta. Ranar Nkechi ta kife kasko. Ta yi masa farfesu ba mai, ya ce shi ba mai jego ba ne, ya zari makullin babur ya nufi wajen masu tsire. Washegari ma haka.

Ta shigo gidana, ta fita, ta sake shigowa.

"Maman Dabo, mutumin nan zai kashe kansa a bakin titi!"

"To ki zura masa taya a wuya mana, ya zauna," na ce.

Ko murmushi ba ta yi ba. A waya ta tsinto wani abincin ƙasar waje, wai shi tako: gasasshen kifi da kabeji da lemon tsami, a naɗe cikin fallen burodi. Ta zuba yashi a babbar tukunya kamar mai gashin kek, ta ɗora kifin a faranti ta rufe. Fallen burodin kuwa ta ce ai gurasa ce, ta riƙa zarya Rijiyar Lemo wajen wata Inna mai tanderu.

Cyprian ya ci har da lasar yatsu, ya daina fita. Amma teɓa ko gezau. Nkechi ta rage gishiri, ta rage kifi, ta dinga zagaya shi tana leƙen maɓallin rigarsa.

Rannan na ga takardar da ake naɗo gurasar, ta jiƙe sharkaf har ana hango haske ta cikinta.

"Maman Ogechi, gurasarki zufa take yi?"

Ta shafa, ta sansana. Hannunta ya daɗe cikin mai, shi ya sa ba ta taɓa ji ba. Ko mayafi ban gyara ba ta ja ni sai gaban Inna.

"Gyara ne, 'yata," in ji Inna. "Kullum kina zuwa, sai in ba ki a bushe kamar baƙuwa? Man gyaɗa nake shafa miki, ciki da baya."

Da ƙyar ta yarda ta ba mu busasshiya, tana ƙunƙuni wai za a ce ta yi rowa.

Da rana na laɓe a bakin ƙofa don in sha kallo. Cyprian ya gatsa, ya tsaya cak, ya ɗaga ido ya dubi makullin babur a jikin ƙusa. Nkechi ta matse masa lemo, ta barbaɗa yaji, ta je ta tsaya daidai gaban ƙusar.

"Yau gurasar nan ta rame," ya ce.

"Kai ma haka nake so, Baban Ogechi."

Ya yi tsaki, ya tauna, ya sake gatsa. Sai da ya miƙo faranti a ƙara masa kabeji sannan na ga Nkechi ta ja kujera ta zauna.