Rodi Huɗu da Afuwar Shugaban Ƙasa

Ni tela ne. Shagona yana layin masu atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar, gidanmu kuma yana Kokoro. Tsakanin gida da shago akwai wata ƙatuwar kwata wadda take zama kogi duk damina. A kanta gwamnati ta yi mana alkawarin gada.

Wani Darakta aka damƙa wa aikin, irin waɗanda ake ce wa “kota zo” da Sango, yaren ƙasar nan, wato babban mutum. Ranar aza harsashi da kansa ya zo, sanye da kwat a tsakar rana, ya riƙe shebur aka ɗauke shi hoto. Washegari aka sauke yashi tifa guda da 'yan roduna. Daga nan ba mu sake ganin ƙeyar kowa ba. Ruwa ya tafi da yashin. Gadar kuwa, an ce a takarda an gama ta har an yi mata fenti, mu ne dai idonmu bai kai ba.

Ina da ɗan'uwa, ɗan goggona, bakaniken babura, mutum marar yawan magana. Wata safiya wata mai tallar garin rogo ta zame a kwatar ta karye a ƙafa. Bai ce wa kowa komai ba. Ya kwashi rodi huɗu daga waɗanda tsatsa take ci, ya yi musu walda, ya sayo katako ya shimfiɗa. Unguwa ta samu hanya. Ba a yi mako ba jandarmomi suka zo, suka taka katakon nan lafiya lau ba su jiƙa takalmi ba, suka tafi da shi. Laifinsa satar kayan gwamnati.

Yana tsare wajen shekara biyu, ba a ko kai shi gaban alƙali ba, sai muka ji an kama Darakta. An ce ya saɓa da wani na sama da shi ne, shi ya sa doka ta farka daga barci. Muka bi shari'ar a rediyon shagona. Ranar da aka ce shekara goma, masu atamfa har shayi suka raba. Wani dattijo Banijare da yake jiran rigarsa ya dube mu ya ce, “Ku bari murna, karenku ya kama zaki.”

Goggo takan kai wa ɗanta abinci gidan yari kowace Juma'a, wani lokaci in raka ta. Ta tambaye shi ko yana ganin Darakta.

“Na gan shi ranar da aka kawo shi, Inna,” in ji shi. “Kwana biyu ya yi, hawan jini ya kama shi, aka kai shi asibiti.”

“Kai fa, ba ka da hawan jinin?”

“Nan ba a awo.”

Jinyar Darakta ta yi wata bakwai, a ɗaki mai fanka, masu dubiya suna layi da kuloli. Da ƙarshen shekara ya zo, rediyo ta karanta afuwar shugaban ƙasa. Saboda tausayi, da rashin lafiya, da haɗin kan ƙasa, an yafe wa wasu fursunoni, sunan Darakta a sahun farko. Goggo ta kasa kunne har aka gama jerin aka sa kiɗa. Hawan jinin Darakta kuwa, ikon Allah, a ranar ya sauka.

Bayan kwana uku matarsa ta tsaya da mota a ƙofar shagona. Za a yi walimar godiya, ana son anko, an buga atamfa da fuskar maigida a jiki, kurciya tana shawagi a kansa. Da ina da halin ƙwarai da na ce ba zan ɗinka ba. Na auna ta, na ce ranki ya daɗe ai gaskiya ce ta yi halinta. Mako guda ina yanka fuskar mutumin nan da almakashi, iyakar hukuncin da na iya yi masa ke nan.

Da Goggo ta ji, ta ce sai na kai ta walimar. Wai wanda ya ɗanɗana ɗauri zai ji tausayin ɗaurarre. Na ɗinka mata riga da ragowar ƙyallen don masu gadi su bar mu mu shiga.

Mun sami Darakta a ƙarƙashin rumfa, ya yi ƙiba, yana ba mutane labarin jarrabawar da Allah ya yi masa. Goggo ta durƙusa ta gaishe shi da Sango, ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya saurara da kai a karkace, kamar likita.

“Mama, shekara nawa aka yanke masa?”

“Ba a yanke ba, ranka ya daɗe. Ba a ma kai shi kotu ba.”

“To ai nan matsalar take,” ya ce. “Shugaban ƙasa ba ya yafe wa wanda ba a hukunta ba. Ɗanki a idon doka har yanzu ba shi da laifi. Me za a yafe masa? Ni kin ga sai da na bi ƙa'ida, aka yanke mini tukuna. Ƙasa ce mai doka, Mama. Ki je ki yi ƙoƙari a hukunta shi.”

Ya sa aka ba ta lemon kwalba da cinyar kaza. A hanya, da muka kusa gida, ta ce, “Ashe rashin laifin ne ya riƙe shi.”

Washegari ta je wajen limamin unguwa. Ina tsaye ta ce, “Malam, a taya ni roƙon Allah a yanke wa ɗana hukunci.” Liman ya sa ta maimaita, yana tsammanin tsufa ne ya taɓa ta. Da ta yi bayani, sai ya ɗaga hannu. Na sha zuwa wajen addu'a, ban taɓa jin amin mai nauyin wannan ba.

Wata lauya da nake yi wa ɗinki ce ta shiga maganar. Wata biyar tana zarya kafin a tono takardunsa a ƙasan wani kabad, ɓera ya ci gefe. Zaman kotun bai kai tsawon sallar azahar ba. Aka same shi da laifi, aka yanke masa wata shida. Ya riga ya yi shekara uku, sai aka ce ya tafi gida, kuma kada ya sake. Goggo ta rangaɗa guɗa a harabar kotu, ɗanta ya zama ɓarawo a hukumance.

Ya fito ba haƙora uku, da tarin da bai rabu da shi ba har yau. Garejinsa wani ya daɗe da mayar da shi shagon waya. Ya koma bin manyan motocin da suke ɗauko kaya daga Kamaru, yana gyara in sun lalace a hanya. Darakta kuma aka naɗa shi mai ba da shawara a wata ma'aikata, tunda yanzu ya san doka ciki da waje.

Goggo ta rasu bayan shekara biyu, ana dab da zaɓe. Ranar sadakar uku sai ga motoci. Darakta ya sauko da farar riga, aka matsa masa a kan darduma. Ya dafa kafaɗar ɗan'uwana ya ce wa jama'a, “Ni da wannan abokan zaman kurkuku ne. Wanda bai shiga ba ba zai gane abin da muka sha ba.”

Ɗan'uwana ya tashi ya kawo masa ruwa. Aka yi fatiha, Darakta ya shafa, ya tambayi mai unguwa mutum nawa ne suka yi katin zaɓe a layinmu.