Yatsu Huɗu na Kawu

Jiya na bi ta gefen wani fili ana yankan ciyawa. Da ƙamshin ɗanyen haki ya dake ni, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Shi ke kula da ciyawar gidan saukar baƙi a Kazaure lokacin da naira take sabuwa, ni kuma ina akawu a wurin. Ba ya yanka sai raɓa ta bushe, sai ya wasa langalangarsa, kuma kullum yakan bar tsawon yatsu huɗu.

Wata rana ana jiran manyan baƙi daga Kano, shugabanmu ya aike ni in ce a aske filin ƙwal, ko Kawu ya ajiye aiki. Na same shi a tsugune yana auna ciyawa da hannu.

"Kawu, don Allah ka yi yadda ya ce. Kana da iyali."

"Je ka ce masa kansa ne ake askewa ƙwal ya sake tsirowa. Wannan in na taɓa wuyanta, rana za ta cinye saiwar."

"Haka zan faɗa?"

"Ka dai fara da ranka ya daɗe."

Na je na faɗa. Shugaba ya fito a fusace. Da ya tsaya a kan ciyawar, sai ya cire takalmi ya taka ta, ya ji laushinta, ya koma ofis ya bar maganar. Kawu bai bar aikin nan ba sai da tsufa ya zaunar da shi.

Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba mu ko rabin tsayuwarsa a kan gaskiya.