Ƙarfen da Likita Ta Ɗora Mini

Shekara goma sha ɗaya na yi ina dako a kasuwar Mile 12 kafin Allah Ya ba ni rumfar albasa tawa. Ranar na yi alkawarin ba zan ƙara ɗaukar abin da ya fi buta nauyi ba. Na zauna a benci, amala da rana, tuwo da yamma, shayi kuwa sai an juye masa madara gwangwani guda. Tumbi ya fito, aka fara ce mini oga.

Jiri ne ya kai ni wani asibiti a Agege. Likitar Bayarabiya ce, da ƙyar ta kai sa'ar ƙanwata. Ta duba takardar gwajin jinina, ta auna ƙuguna da tef kamar tela, sannan ta jero mini: hawan jini, suga na bakin ƙofa, kitse ya yi yawa a jini. Wai kitsen iri biyu ne, mai toshe jijiya ya hau, mai share ta ya sauka.

"Alhaji, bayan magani, ka riƙa ɗaga ƙarfe sau uku a mako."

Na ce, "Kin san abin da wuyan nan ya ɗauka tun kina firamare?"

"Da kenan. Yanzu me yake ɗauka?"

Na fita ko sallama ban yi mata ba.

Bayan mako uku maƙwabcin rumfata, tsarana, ya faɗi yana tsakiyar ciniki, ɓarin jikinsa ya shanye. Washegari na nufi bayan layin dogo, inda wani makanike ya zuba siminti a gwangwanayen fenti ya soka musu ƙarfe, ana ɗagawa. Na tsani wurin. Warin baƙin mai, ga makaniken yana ƙirga mini da Yarbanci kamar shi ya haife ni. Ni da na sha sauke buhu daga tirela, sai ga ni ina nishi a ɗagawa ta shida.

Labari ya kai kasuwa. Wani dillali da muka fito gari ɗaya ya tare ni gaban mutane.

"Alhaji, in dakon kake marmari, ga buhunana can. Ni ko biyanka zan yi."

Na ce, "Ka bari sai ranar da za a ɗauke ka zuwa asibiti, zan kama ƙafa."

Har yau ba ma gaisawa.

Wata huɗu na yi ina zuwa, na rage madara, sannan na koma gwaji. Mugun kitsen ya sauka, mai kyan ya ɗan motsa, ƙugu ya ragu har sai da na ƙara wa bel huda. Na zaci za ta ce na huta.

Ta ce, "Ya yi kyau. Kada ka bar magani, ƙarfen kuma ka ƙara masa nauyi."

Ko kallona ba ta yi ba, tana rubutu. Na fizge takardata, na hau motar danfo ina zaginta a zuci har tasha. Ranar Laraba ce, ranar ƙarfe, don haka ban wuce gida ba.