Turakun da Ke Tafiya Cikin Gonar Malam Hadi

Har na bar aikin safiyo, wato awon ƙasa, ba zan manta da ranar da muka gano mai tsige mana turaku a wani ƙauye na yankin Bagwai ba.

An tura mu ne mu shata hanyar ƙafa da keke daga ƙauyen zuwa makarantar da ke tsallaken rafi, da 'yar gada wadda mota ba za ta hau ba. Ni ne mai awo, Injiniya Kabiru ne shugaban aiki. Ga wanda bai san sana'ar ba, kafin a zuba ƙasa ko kwando ɗaya sai mun kafa turaku masu jan fenti a duk inda hanya za ta bi. Turke shi ne maganarmu, in ya gusa, hanya ta gusa.

Injiniya ya zaɓi wurin gada a gonar wani Alhaji Garba, saboda gaɓar rafin a nan marmara ce, za ta riƙe ƙafar gada. Gonar da ke maƙwabtaka da ita ta Malam Hadi ce, fadama mai kyau, amma gaɓarta yashi ne zalla.

Tsige turke ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A ƙasar da kowace kunya take da mai ita, manomi yakan tura turke gonar maƙwabci don ya tsira da tasa. Da muka dawo muka tarar turakunmu sun koma cikin fadamar Malam Hadi, kai tsaye na zargi Alhaji Garba. Muka mayar, suka sake komawa. Raina ya ɓaci, na kai ƙara wurin mai unguwa.

Alhaji Garba ya rantse bai taɓa su ba. Ana cikin haka wani dattijo da ke zaune a gefen tabarma, ashe Malam Hadi ne, ya ce, "Ku ƙyale shi, ni ne."

Na ce, "Baba, gonarka fa kake tura wa hanya."

"Na sani, ɗana. Ai ba makaho ba ne ni."

Sai ya yi bayani. A da akwai hanyar zuwa rafi ta nan. Mahaifinsa ne ya riƙa shigar da ita gona, bana kunya ɗaya, baɗi kunya ɗaya, har ta ɓace, mutane suka koma zagaye. Ya rasu bai mayar ba. Malam Hadi ya ce tun da ya gaji gonar abin yake damunsa, domin ya san hukuncin wanda ya ci hanyar jama'a. "Hanya Baba ya ci, hanya nake so in mayar masa kafin in same shi."

Injiniya Kabiru ya saurara har ƙarshe, sannan ya faɗa masa gaskiya: gadar da aka kafa a kan yashi damina ɗaya za ta ɗauke ta, wataƙila da mutane a kai. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya sa hannu a wannan ba." Dattijon bai yi musu ba, ya ɗauki takalmansa ya tafi. Na ji tausayinsa, amma injiniya ne da gaskiya, kuma a ganina magana ta ƙare.

Bayan sati mai unguwa ya aiko mu zo. Muka tarar da liman da shaidu. Malam Hadi ya nemi musaya da Alhaji Garba: ya ba shi yanki daga fadamarsa, ya karɓi zirin marmarar da turakunmu suke kai, wurin da ko gero ba ya yi da kirki. Alhaji Garba ya ce shi ma ai a shirye yake ya bayar da wurin kyauta.

"In ka bayar, ladanka ne," in ji Malam Hadi. "Ni nawa nake so in bayar."

Babban ɗansa yana wurin, fuska a murtuke, don a fadamar yake noman albasa da rani. Da liman ya tambaye shi, ya ce, "Gonarsa ce, kuma wanda ya ci hanyar kakana ne."

Aka yi musaya, aka shafa fatiha. Zirin bai yi minti biyar a hannun Malam Hadi ba ya juyo gare mu ya ce ya bayar, a yi hanya. A taswirarmu ko layi ɗaya bai canza ba, gada tana nan inda injiniya ya ce tun farko.

Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata ke nan: in kun tarar turke ya gusa, ku duba gonar wa ya shiga kafin ku kai ƙara. Ranar da muka zo kwashe turakunmu bayan an gama gada, Malam Hadi ya roƙi guda ɗaya. Na tambaye shi me zai yi da shi. Ya ce zai kafa a bakin hanyar ne, don kada jikokinsa su fara da kunya ɗaya.