Ƙotocin Bindigar Kawu Sale

Bana shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar Kawu Sale, yayan mahaifiyata, maharbin Aujara da ya yi shekara tara yana bin zabin daji bai jefa ko fiffike a tukunya ba. Allah ya jiƙansa.

Duk gari ana yi masa dariya, abin kuma yana ci masa rai. Amma laifi tudu ne; a wurin Kawu, kuskure ba ya wuce itacen da aka sassaƙa ƙotar bindigar da shi. Ta darbejiya ɗanya ce, ta bushe ta karkace. Ta ƙirya nauyi, kafin ka ɗaga zabo ya kai Jahun. Ta maɗaci ta sha damina ta kumbura. Har biyar ya canza. Ba duka ne ƙarya ba, don itace yakan motsa da yanayi ya karkatar da saiti. Matarsa Inna Hajara ta sa aka fiƙe ta darbejiyar ta zama muciya, tana cewa, "Malam, ga ɗaya dai ta fara ciyar da gida."

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ya ɗauko itacen marken da ya shanya shekara uku a rumbu, ya sassaƙa sabuwar ƙota. A makon ne na ga ya yi wa turmi sallama, ya zaci mutum ne. Na lallaɓa shi zuwa Dutse da sunan ganin ɗakina a Takur, muka biya asibiti, aka ba shi tabarau. Ranar Asabar, harbi ɗaya, zabo ya faɗo. Ya zaga kasuwa da shi sau biyu, ya tsaya gabana ya ce, "Ɗan nan, ka ga aikin marke?" Tabaran na bisa hancinsa. Na ce na gani, Kawu.

Yanzu nakan ga 'yan sintiri da bindiga mai ƙotar roba, wadda ba ruwanta da rani ko damina. Na san da zai tausaya musu: wanda ya kuskure, wa zai ɗora wa?

Ina kewarsa ƙwarai. Bindigar ta yi tsatsa, muciyar tana tuƙa tuwo har gobe, tabaran kuma yana akwatina. Jikokinsa sukan tambaye ni me ya kayar da zabon nan. Marke ne, nake ce musu.